Yaron da ke zaune a kan benci

Duk wanda ya bi ta filin Sagbado bayan sallar La'asar ya san yadda yaran Kilomita Biyar ke son ƙwallo. Wasu da takalmin gwanjo, wasu da na roba, wasu ƙafa tsirara, kowa na gudu kamar ransa zai fita. Idan babban hutun makaranta ya zo, daga Yuli zuwa Satumba, sai a shiga gasar unguwanni, a sa kofi, wani lokaci har da rago ko 'yan kuɗi. A lokacin ne iyaye ke fara zuwa kallo, a lokacin ne kuma ake fara jin ƙorafin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwa mai sayar da yadi, ya same mu a zaure bayan Isha'i ransa a ɓace. Ɗansa mai shekara 13 ya yi kusan shekara guda yana zuwa horo a wata ƙungiyar unguwa, bai taɓa fashi ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Kowane wata uban na biyan kuɗin ƙungiya. Da gasa ta zo, ana saura kwana biyu a fara, sai ga samari huɗu da ba wanda ya taɓa ganinsu a wurin horo, an ba su riguna. Aka buga wasa biyar, yaron nan yana kan benci. A wasa na ƙarshe aka sa shi saura minti uku a tashi, bayan an riga an ci su biyu. Da ya koma gida sai ya miƙa wa ƙanensa takalmin, ya ce: "Baba, ni na daina." Uban ya ce mana: "Malam, ba kuɗin ne ya dame ni ba. Me zan gaya wa yaron nan? Ni ne na ce masa in ya dage zai ga amfaninsa."

Ba mu so mu yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya ba, saboda haka muka nemi mai horar da yaran. Saurayi ne mai ladabi, tela ne, ba wanda ke biyansa ko dala a kan wannan aiki. Shi ke tara yara fiye da ashirin, shi ke ɗinke ƙwallo idan ta fashe, shi ke rabon faɗa. Bai musa komai ba. Ya ce wanda ya saya musu riguna kofi yake so ya gani, kuma ɗan'uwansa dole ya buga. Ya ce sauran ƙungiyoyi duk suna ɗauko 'yan haya, idan shi ya ƙi, za a yi musu ruwan ƙwallaye, iyayen da ke kuka yau su ne za su fara yi masa ihu daga bakin fili. Gaskiya ya faɗa, domin mun ji irin wannan ihun da kunnenmu, kuma a cikin masu yinsa akwai waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne shekarun baƙin nan huɗu. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 14 ce, amma ɗaya daga cikinsu har gemu ya fara tsiro masa. Wannan ciwo ba a unguwarmu ya tsaya ba. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, hukumar FIFA ta fara aiki da na'urar MRI wadda ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Idan ƙashin ya gama haɗewa, ana ɗauka cewa mai shi ya wuce shekarun. Ana shirin gasar ƙasashen yankinmu a Limbe a Janairun 2023, hukumar ƙwallon Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta gwada yara 30 da aka kira, 21 suka faɗi. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: kowane ɗaya daga cikin waɗannan 21 ya zauna ne a gurbin wani yaro mai shekarun gaskiya, wanda aka ce masa bai kai ba. Ba a rubuta sunayen waɗancan a jarida ba.

A nan Kilomita Biyar maganar shekaru tana da wata fuska mai zafi. Yaran da ke buga wa ƙananan ƙungiyoyi a yau, da yawansu an haife su ne gab da rikicin da ya ɓarke a Disambar 2013 ko a tsakiyarsa. Wasu a kan hanyar gudu aka haife su, wasu a Garoua-Boulaï ko a Cadi, wasu kuma takardunsu sun ƙone tare da gidajen iyayensu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya samun katin ɗan wasa, sai an bi ta kotu an yi masa takardar da ke maye gurbinta, kuma wannan yana cin kuɗi da lokaci. Sai ka tarar mai gaskiya ba shi da takarda, wanda ya ari ta ƙanensa kuwa yana cikin fili. Muna roƙon iyaye, idan za a yi wa yaro sabuwar takarda, a rubuta shekarar da Allah Ya kawo shi duniya. Rage masa shekara biyu don ƙwallo shaidar zur ce, ko da kuwa hatimin hukuma na kanta.

To, ina mafita? Mu da muka tashi a gaban allo, akwai wani labari a littattafan sira da yake faɗo mana duk lokacin da aka yi wannan magana. Ba muna haɗa wasa da yaƙi ba ne, Allah Ya kiyaye. Hanyar zaɓen ce abin lura. A shekara ta 3 bayan Hijira, ana shirin fita Uhudu, Manzon Allah (SAW) ya duba rundunar ya mayar da waɗanda ba su kai ba, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, mai shekara 14 a lokacin, ɗan ɗaya daga cikin manyan sahabbai. Matsayin mahaifinsa bai sa an ɗaga masa ƙafa ba. Aka bar Rafi'u ɗan Khadij saboda an shaide shi da iya harbi. Sai Samura ɗan Jundub, wanda aka mayar, ya yi ƙorafi cewa shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Ba a ce masa ya yi shiru ya bi na gaba ba. Aka sa su suka kama a gaban jama'a, Samura ya yi kaye, aka karɓe shi. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, an saurari kukan yaro, an kuma gwada shi a fili inda kowa ke gani. Ɗan maƙwabcinmu ko ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba. Ba a gaya masa dalili ba, ba a kuma ce ya gwada da wanda ya karɓe masa wuri ba.

Malamanmu sun ambata cewa wanda ya raba gardama tsakanin yara biyu a kan wane ne ya fi kyan rubutun allo, shi ma alƙali ne, za a tambaye shi. In haka ne, mai riƙe da takardar sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya ba ƙaramin abu ya riƙe ba.

Kada a fahimce mu da cewa kowane yaro sai ya buga daidai da kowa har abada. Ƙwallo gasa ce, kuma wani ya fi wani. Matasan ƙasar nan da suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya a 2021, ba da ƙuri'a aka zaɓe su ba. Wanda ke mafarkin sa rigar Tempête Mocaf ko Olympic Real ko Anges de Fatima wata rana, dole ya saba da zaman benci. Amma akwai shekarun da yaro ke koyo ne kawai, kuma ba a koyon ƙwallo da kallo. A Amurka akwai ƙungiyar yara mai suna AYSO, da aka kafa a 1964, wadda dokarta ita ce duk yaron da aka rubuta sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa. A Norwe kuwa, tun 1987 suka rubuta haƙƙoƙin yara a wasanni, ba sa shirya gasar ƙasa ga waɗanda ba su kai shekara 13 ba. Ƙasar da ta fitar da Erling Haaland ke nan. Su suna da filaye da kuɗin da ba mu da su, amma ba wa yaro rabin wasa ba ya buƙatar ko sisi. Ga shi ma tun 2022 dokar ƙwallo ta tabbatar da canjin 'yan wasa biyar a manyan gasanni, balle a gasar unguwa inda masu shiryawa ke da ikon ƙarawa.

Akwai kuma lissafin da muka yi wa telan nan wanda bai taɓa ji ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23, muddin suna da rajista kuma sunansa na cikin littafinsu. Ɗan haya da ya zo ya buga wasa biyar ya tafi ba zai taɓa kawo wa ƙungiya komai ba. Wanda zai iya kawowa, in Allah Ya nufa, yana cikin waɗanda ake ajiyewa a benci, kuma yaro mai shekara 13 ba wanda ya san tsawon da zai yi nan da shekara uku.

Abin da ya fi sa mu damu dai shi ne inda yaron ke nufa idan ya bar fili. Ba mu manta shekarun da unguwar nan ta zama kamar kurkuku ba, har zuwan Fafaroma Francis babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015 ya zama abin da duniya ta yi magana a kai. Ba mu manta Disambar 2019 ba, lokacin da 'yan kasuwa suka yi arangama da masu ɗauke da makamai, aka rasa rayuka. Da yawa daga cikin samarin da suka riƙe bindiga a waɗancan shekaru ba su da wurin zuwa ne tsakanin La'asar da Magariba. Filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da ɗan Musulmi da ɗan Kirista ke kiran juna da suna, da Sango da Hausa da Faransanci a cakuɗe. Yaron da aka kora daga nan da zalunci, gefen kasuwa zai koma, kuma duk mun san abin da ake sayarwa a wasu lunguna.

Mun sake zama da mai horarwar, wannan karon tare da iyaye shida da wanda ya sayi rigunan. An yi musu sosai. A ƙarshe aka amince cewa za a rufe takardar sunaye wata guda kafin kowace gasa, a karanta ta a gaban yara, kuma wanda bai yi horo da ƙungiya ba ba zai sa riga ba. Maganar rabin wasa ce aka kasa daidaitawa: telan ya yarda da ita a wasannin farko, ya ce daga zagaye na biyu a bar masa hannunsa. Mai rigunan ya yi shiru, har yanzu ba mu san ko zai sayi na baɗi ba. Telan da kansa ya taka har gidan maƙwabcinmu ya yi sallama da yaron. Yaron ya gaishe shi da ladabi, ya ce zai yi tunani. Takalmin dai har jiya yana ƙafar ƙanensa.