Kwalli da Sauran Abubuwan da Muke Sa wa Ido

A garin Silver Spring na jihar Maryland, wanda ke maƙwabtaka da birnin Washington ta arewa, nan ne hedkwatar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka take, wadda aka fi sani da FDA. Cikin gargaɗin da wannan hukuma ta wallafa akwai wani da zai ba Bahaushe mamaki, gama a kansa an rubuta kalmomin Hausa guda biyu, watau kwalli da tozali, tare da sunayen da waɗansu al'ummomi ke kiran abin da su: tiro a wurin Yarbawa, kuhul a wurin Larabawa, surma da kajal a Indiya da Pakistan. Hukumar ta ce sau da yawa akan sami dalma mai yawan gaske a cikinsa, saboda haka doka ba ta yarda a shigo da shi Amurka don sayarwa ba.

Wannan gargaɗi yana da dalili. A shekarar 2011 likitocin birnin Boston sun auna jinin wani yaro ɗan wata 6, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, suka tarar da dalma fiye da ƙima. Da aka bincika gidan, sai aka gane cewa kwallin da ake zizara masa ne sanadi. Aka kai kwallin ɗakin gwaji, aka sami kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce zalla. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta buga wannan rahoto a 2012. Iyayen kuwa ba su yi haka da mugun nufi ba. Abin da suka gada ne, kamar yadda kakanninmu ke rambaɗa wa jinjiri kwalli don idonsa ya yi kyau, ya kuma yi ƙarfi.

Mutane da yawa suna sa kwalli ne don koyi da sunna, kuma wannan niyya ce mai kyau. Sai dai dutsen ismidi da malamai ke ambatawa daban yake da dutsen dalma mai ƙyalƙyali wanda ake niƙawa ana sayarwa a kasuwanni da dama, kuma ido ba ya iya rarrabe su. Yaro kan murza idonsa, sa'an nan ya kai yatsa baki. Hawaye kuma kan bi wata 'yar kafa daga ido zuwa hanci da maƙogwaro. Ta haka dalma ke shiga jini kaɗan kaɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta rage jini, ta dushe fahimtar yaro tun kafin ya shiga makaranta. Mutanen Zamfara sun ga ƙarshen sharrin wannan guba a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400. Masana sun ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa.

Darasi na farko ke nan: kada a sa wa ido abin da ba a san asalinsa ba. Jinjiri ba ya bukatar kwalli, haka kuma ya kamata mai juna biyu ta nisanci wanda ba a tabbatar da shi ba. Kada kuma mutum biyu su yi tarayya a tandu ɗaya ko tsinke ɗaya, domin ta nan ciwon ido ke ratsa gida.

Maganin ɗigawa ma yana da nasa haɗari. A 2023 wannan hukuma ta Silver Spring ta gargaɗi jama'a game da wani ruwan ido da ƙwayar cuta ta gurɓata. Mutum 81 suka kamu a jihohi 18 na Amurka, 14 suka rasa gani, 4 aka cire musu ido, 4 kuma suka rasu. In haka ta faru da maganin da ya fito daga masana'anta, ina ga ruwan sukari, ko ruwan batir, ko fitsari, waɗanda akan ɗiga wa mai Apolo? Shi wannan ciwo, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ake zuba masa ne ke barin hakiya. Har wa yau, akwai magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Suna kwantar da jan ido nan da nan, amma in aka daɗe a kansu sukan jawo hawan jinin ido. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Darasi na biyu shi ne tsabta da abinci. A wanke hannu kafin a taɓa ido. A wanke wa yara fuska kowace safiya da ruwa mai tsabta, gama kwantsa da majina su ke kiran ƙuda, ƙuda kuwa shi ke yaɗa amodari. Manja, karas, zogale, gwanda, mangwaro da hanta suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Mai aikin walda ko faskare ya sa tabarau na kariya. Mai aiki da kwamfuta kuwa, bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa, kimanin ƙafa 20, na daƙiƙa 20.

Darasi na uku shi ne a je a duba ido tun bai yi ciwo ba. Cibiyar Nazarin Ido ta Amurka, wadda aka kafa a 1968, take kuma a Bethesda kusa da Silver Spring, ta bayyana cewa hawan jinin ido ya fi kama baƙar fata, musamman daga shekara 40. Ciwo ne mai sanɗa: yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Mai ciwon sukari ya je a duba shi kowace shekara. Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna suna cikin wuraren da ake wannan aiki.

To jama'a, yau da dare kafin a ɗauko tandu a zizara wa jinjiri kwalli, sai a tambaya: daga ina ya fito, wa kuma ya gwada shi? In babu amsa, ruwa mai tsabta ya ishi idonsa.