"Zo Mana da Samfurin Aikinka": Abin da Ba a Kaiwa Ɗakin Intabiyu

Ɗan ƙanwata ya yi shekara biyu yana shigar da bayanai a kwamfuta, a wani shirin lafiya da ya zagaya Fassi da Tarai da Durba a ƙaramar hukumar Kibiya. Da kwantiragi ya ƙare, Allah ya sa aka kira shi intabiyu a Kano. Ana gobe zai tafi ya same ni bayan isha'i, ya miƙo min waya.

"Kawu, cewa suka yi in zo da samfurin aikin da na yi. Ga shi nan, komai yana ciki."

Na karɓa na duba. Sunayen mata masu juna biyu ne jere, kowacce da sunan mijinta da unguwarsu da lambar waya da sakamakon gwajin jini. Ban kai layi na goma ba na ci karo da matar wani da muke sahu ɗaya a masallacin Juma'a. Jikina ya yi sanyi.

Yaron ba mugu ba ne. Aiki ya yi wuya, kuma shi ya zauna dare da rana ya tsara teburin nan, don haka yana ganin nasa ne. Amma gwanintar ce tasa. Abin da ke ciki na matan nan ne da suka buɗe baki suka faɗa don sun yarda da malamar asibiti. A birni sunan baƙo ba ya nufin komai ga mai karantawa. A Kibiya kuwa, suna da unguwa sun isa a kai ka ƙofar gidan.

Doka ma ba ta bar abin haka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin ciwon mutum da maganinsa sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wani dalili da doka ta ambata. Neman aiki ba ya cikinsu. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta shafi har mai POS da ke riƙe da lambobin asusun mutane, da wanda ya rubuta BVN da NIN na manoma lokacin rabon taki.

Sai kuma abin da matasa ba sa hange: mai intabiyu yana auna mutum ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya zazzage sirrin tsohon ubangidansa a kan tebur ya riga ya nuna abin da zai yi wa sabon. A 2006 a Amurka, wata sakatariya a Coca-Cola, Joya Williams, ta haɗa baki da wasu don sayar wa Pepsi sirrin kamfanin. Pepsi da kanta ta sanar da Coca-Cola, aka ɗaure matar shekara takwas.

To me za a kai? Rahoton da aka riga aka wallafa, ko abin da tsohon shugaba ya ba da izininsa a rubuce. Goge suna kawai bai isa ba, in shekaru da unguwa da ranar awo suna nan. Gara a gina sabon tebur da bayanan ƙirƙira.

Haka muka yi. Ya zauna a kan tabarma har sha biyun dare yana ƙago mata arba'in da ba a haifa ba, da ƙauyukan da babu su. Na sa ya maimaita abin da zai faɗa: "Yallaɓai, ainihin aikin amanar mutane ce, ba zan iya nunawa ba. Ga kwatankwacinsa, in kuma kuna so ku ba ni kwamfuta in yi muku a gabanku."

Kafin ya tashi muka goge fayil ɗin daga wayar, da kwafin da ke WhatsApp. A nan ya faɗa min cewa su bakwai ne a rukunin da aka tura wa fayil ɗin, kuma ranar sallama babu wanda ya ce musu su goge.