TA FITA BA TA DAWO BA: YADDA NAMIJIN MIKIYA YA RAINI MARAYUNSA A IDON DUNIYA

Yau kam ba labarin saurayi da budurwa muka kawo muku ba, labarin wasu tsuntsaye ne guda biyu da ke can ƙasar Amurka, to amma duk wanda ya san zafin rabuwa da wahalar rainon 'ya'ya, in ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi.

Ranar Alhamis 2 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, da rana, wata tsohuwar mikiya da ake kira Harriet ta miƙe daga kan bishiyar da sheƙarta take a garin North Fort Myers na jihar Fulorida, ta bi wasu baƙin mikiyoyi da suka shigo mata yanki don ta kore su. Ta bar 'ya'yanta biyu a kwance cikin sheƙa, ko wata ɗaya cikakke ba su yi a duniya ba. Mutane da yawa sun ga tashinta ƙuru-ƙuru a wayoyinsu da kwamfutocinsu, babu wanda ya damu, don kuwa ta saba irin wannan fita. Yamma ta yi, dare ya yi, gari ya waye, shiru kake ji. Tun daga ranar ba a sake ganin Harriet ba.

YAYA AKA YI DUNIYA TA GANI?

Mai karatu zai ce, to yaya aka yi har mutane ke ganin abin da ke gudana a cikin sheƙar tsuntsu a ƙololuwar bishiya? Ai tun shekarar 2012 aka ɗaura kyamara a kan wannan bishiya, aka haɗa ta da intanet, tana nuna komai kai tsaye dare da rana. Shirin ana kiransa Southwest Florida Eagle Cam. Ba a hawa a taɓa kyamarar sai lokacin da tsuntsayen suka gama kiwon 'ya'ya suka bar sheƙar. Da dare kuwa akwai wata irin fitila wadda ido ba ya ganin haskenta amma kyamara tana gani, saboda haka tsuntsayen na barcinsu cikin duhu, masu kallo na kallonsu tar.

Ita wannan mikiya mai farin kai a arewacin nahiyar Amurka kaɗai ake samunta. Sunan da Turawa ke kiranta da shi yana nufin mai sanƙo, alhali kuwa ba ta da sanƙo ko kaɗan, gashin kanta ne fari fat kamar auduga, haka ma jelarta, sauran jikin kuma baƙi-baƙi ne, baki da ƙafafu ruwan ɗorawa. Wannan farin ba ya fitowa sosai sai ta kai kimanin shekara 5. In ta buɗe fukafukanta sukan kai mita 2. Wani abin mamaki kuma, macen ta fi namijin girma da nauyi, ga ta da faɗa.

Tun 1782 hotonta ke kan hatimin ƙasar Amurka, amma duk da wannan gata saura ƙiris ta ƙare. Harbi da kuma wani maganin ƙwari mai suna DDT ne suka yi mata illa. Maganin yakan gangara ruwa ya shiga jikin kifi, mikiya ta ci kifin, sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi, tana hawa kwanci ya fashe a ƙarƙashinta. A shekarar 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48 na ƙasar. Aka hana amfani da maganin a 1972, sannu a hankali suka farfaɗo, har a 2007 aka cire su daga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.

ZAMAN HARRIET DA ANGONTA

Harriet dai ba yarinya ba ce. Tun 2006 take wannan sheƙa tare da mijinta na fari mai suna Ozzie. A farkon 2015 Ozzie ya ji mummunan rauni aka ɗauke shi zuwa asibitin namun daji, ya yi watanni yana jinya. Kafin ya dawo ashe wani matashin namiji ya fara zagaya gidan. Da aka sako Ozzie ya dawo ya tarar da baƙo, aka gwabza, ya sake jin ciwo, bai tashi ba, ya mutu a watan Satumba na wannan shekara. Baƙon nan shi ne aka sa wa suna M15, wato harafin farko na kalmar namiji a Turanci da kuma shekarar zuwansa.

Masu kallo da yawa ba su so shi ba da farko, don ganinsu shi ya raba masoya. Amma yau da gobe sai hali ya bayyana. Shekara bakwai da 'yan kai suka yi tare, kuma duk wanda ya zauna ya kalle su ya san cewa babu aikin da aka bar wa mutum ɗaya a gidan nan. Tare suke ɗauko ƙirare suna gyaran sheƙa, har wani lokaci ka ga ya ajiye ƙirare a nan, ita kuma ta zo ta ɗauke ta mayar can, su yi ta jayayya kamar mata da miji a kan inda za a ajiye gado. In ta saka ƙwai, yawanci guda biyu, kwanci na kimanin kwana 35 ne, kuma karɓa-karɓa suke yi. Ta gaji ta yi kira, ya sauko, ta tashi ta je ta sha ruwa ta miƙe fukafukai, shi kuma ya hau. Abin da ya fi ba mutane sha'awa shi ne yadda yake dunƙule faratansa, waɗanda da su yake farke kifi, ya taka a hankali kamar mai tafiya kan ƙaya, don kada ya soki ƙwan. Sai ya sa baki ya juya ƙwan, ya girgiza jiki ya kwanta.

A ƙarshen watan Satumba na 2022 mahaukaciyar guguwar nan mai suna Ian ta afka wa yankin, ta rusa gidajen mutane, ta yi kaca-kaca da sheƙar. Ka san kuwa sheƙar mikiya ba ƙaramin gini ba ne, shekara da shekaru ake ƙara mata ƙirare, har an taɓa samun wadda ta kai mita 6 a zurfi a wannan jiha. Kwanaki kaɗan da lafawar iska sai ga su nan su biyu suna jido, ƙirare ɗaya bayan ɗaya, a kan bishiyar dai tasu. Kafin shekara ta ƙare sun gama gini, Harriet ta saka ƙwai biyu, a farkon Janairu na 2023 suka ƙyanƙyashe. Aka sa musu E21 da E22. Su ne marayun da muke magana.

UBAN MARAYU

Kwanakin farko bayan ɓatan Harriet, M15 yakan hau reshe mafi tsawo ya yi ta dube-dube yana kira. Masu sa kai suka bazu cikin gari da jeji suna nema, ba a ga ko gashinta ba. Masu kallo kuwa hankali ya tashi, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Mafi yawa sun fid da rai, don sanin kowa ne cewa kiwon 'yan mikiya aikin biyu ne: ɗaya ya tafi farauta, ɗaya ya tsaya gadi. To yanzu in ya tafi wa zai tsare? In ya tsaya wa zai kawo abinci?

Abu ɗaya da ya taimake shi, 'ya'yan sun ɗan tasa, sun yi gashin da zai riƙe musu ɗumi, ba sai an kwanta a kansu koyaushe ba. Da a ce kwanansu goma ne, da labarin ya sha bamban. Amma ba su iya yagar nama da kansu ba, sai an ba su a baki. Haka M15 ya shiga zirga-zirga. Ya fita da sassafe ya kawo kifi, ya tsaya ya yayyaga ƙanana-ƙanana ya miƙa wa wannan ya miƙa wa wancan, ya sake fita ya dawo da zomo ko wani tsuntsu, wata rana ma mushen da mota ta take a kan titi.

Ga kuma wata matsalar ta cikin gida. A al'adar mikiya babban ɗa yakan cuci ƙarami, musamman in abinci ya yi ƙaranci. E21 ya girmi ƙanensa da 'yan kwanaki, sai ya riƙa saransa a ka yana hana shi matsowa. E22 yakan sunkuyar da kai ya juya baya ya yi laƙwas har sai yayan ya ƙoshi. Allah sarki, mata da yawa cikin masu kallo sun ce a nan ne suke kashe wayar don ba za su iya gani ba. Iyayen mikiya ba sa raba irin wannan faɗa. Abin da uban ya yi kawai shi ne ƙara yawan abin da yake kawowa, in babban ya cika ciki ya koma gefe, sai ya juyo ya ciyar da ƙaramin. Shi ma ƙaramin ya koyi dabara, ya lallaɓo ta gefe ya fizge ya haɗiye.

Ana cikin haka sai ga zawarawa. Matan mikiya da ba su da gida suka ga sheƙa ginanniya, ga namiji mai ƙwazo, ga babu uwargida, suka yi ta sauka. Wata ta zo ta cinye abincin da aka kawo wa yaran, har ta kai musu sara. Da yake mace ta fi shi ƙarfi, ba koyaushe yake iya korarsu ba, wani lokaci sai lallaɓawa. Da dare kuma ga wata ƙatuwar mujiya mai tukkaye biyu kamar ƙaho, takan zo shiru ba a jin motsin fukafukanta, ta bangaje shi daga kan reshe yana barci. Ya faɗo, ya sake hawowa, ya koma gadinsa.

TAUSAYI DA DOKA

A nan ne fa aka gane cewa kallo ma wani nauyi ne. Mutum yana zaune a ɗakinsa yana ganin ƙaramin tsako na jin yunwa, ba shi da ikon miƙa hannu. Wasu suka yi ta roƙon a hau a ɗauko yaran a kai su wurin masu jinya. Wasu kuma tausayi ya ɗebe su suka fara kai abinci suna ajiyewa kusa da bishiyar. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta ja kunne, ta ce ciyar da mikiya laifi ne. Dama tun 1940 akwai dokar tarayya da ke kare wannan tsuntsu da sheƙarsa da ƙwansa. Dalili kuwa a fili yake: naman da aka ajiye yakan janyo wasu mikiyoyin da ungulaye su ƙara wa uban aiki, yakan ja tsuntsu zuwa bakin titi mota ta buge shi, ga shi kuma ba a san lafiyar naman ba. Garin neman gira sai a rasa ido. Aka bar uba da 'ya'yansa.

Ai kuwa ya fitar da kowa kunya. Gashin yaran ya rikiɗe ya koma baƙi, suka kai girman ubansu, suka fara tsalle suna kaɗa fukafukai a bakin sheƙa, daga nan suka fara hawa reshe. 'Yan mikiya kan tashi ne suna da mako 10 zuwa 12. A ƙarshen Maris E21 ya buɗe fukafukai ya tafi, ba da daɗewa ba E22, wanda aka yi ta yi wa kuka, shi ma ya bi iska. Ko bayan nan uban bai huta ba, ya ci gaba da kawo musu abinci na wasu makonni har suka kama gabansu.

BAYAN TAFIYAR YARA

Kada mai karatu ya ɗauka M15 ya zauna zaman takaba har abada. Ana cewa mikiya ba ta sake miji, galibi gaskiya ne muddin dukansu suna raye, amma in ɗaya ya faɗi, wanda ya rage yakan karɓi wani, kamar yadda ita Harriet ta yi a 2015. Kafin 2023 ta ƙare ya yi sabuwar amarya, aka sa mata F23, kuma a ranar ƙarshe ta shekarar suka sami ɗa, E23, ya girma ya tashi lafiya. Shekarar da ta biyo sun ƙyanƙyashe biyu, sai dai a watan Janairu na 2025 murar tsuntsaye ta kashe su duka, duniya na kallo. Kyamara ba ta ɓoye daɗi, ba ta ɓoye wuya.

Tsuntsu dai tsuntsu ne, ba mu san abin da ke zuciyarsa ba, kuma ba za mu ce soyayyarsa irin tamu ce ba. Amma akwai abin da ido ya gani wanda ba a musu. M15 bai koyi ciyar da tsako a ranar da Harriet ta ɓata ba. Shekara bakwai yana yi, yana hawa kwanci, yana yagar nama, yana gadi, tun tana nan. Shi ya sa ranar da babu ita hannunsa bai yi rawa ba. Maigida, in yau aka kwantar da uwargida asibiti na mako biyu, ka san abin da autanku yake ci, ka san lokacin barcinsa, ka san wanda ke cutar wani cikin yaran in ba kowa? Uwargida, ke ma kina barin shi ya taɓa, ko kuwa da ya ɗauki yaro sai ki karɓe ki ce bai iya ba? Da sanyin safiya ake kama fara.

Ga mai son ya gani da idonsa, irin waɗannan kyamarori suna da yawa a YouTube, akwai ta Decorah a jihar Iowa, akwai ta Big Bear a Kalifoniya. Mikiyoyin Fulorida sukan yi kiwon 'ya'ya ne daga wajen Oktoba zuwa Mayu, kuma a watannin sanyi agogonsu yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa 6, wato in ƙarfe 1 na rana ta yi a nan, can gari ke wayewa, lokacin da ake kawo kifin farko. Ku kira yara ku kalla tare, a kira maigida ma ya zauna.