ABIN DA SHANUN BIRNIN KUDU KE KOYA WA MAI ZANE

Duk wanda ya bi ta Dakata, nan gefen masana'antun Bompai, ba zai rasa ganin masu zane a bakin hanya ba, suna rubuta allunan kantuna, suna ƙawata bayan manyan motoci da zaki ko gaggafa. Hannunsu da kyau, fentinsu kuma sai ƙyalli. Amma in ka tambayi waɗansunsu inda suka ga zakin, sai su nuna maka hoto cikin waya. To, wannan shi ya sa muke so mu jawo hankalin malaman makaranta zuwa Birnin Kudu.

Garin yana kamar mil 80 daga Kano. A da cikin Lardin Kano yake, amma tun 1991 ya koma Jihar Jigawa. A can, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai siffofin shanu waɗanda mutanen da suka zana a jikin dutse. Masana, irin su Bernard Fagg, sun bincike su a shekarun 1950. Abin mamaki, shanun nan ba su da tozo, alhali kuwa bunaji da rahaji da muke kiwo yau duk masu tozo ne. Watau mai zanen ya ƙura wa saniyarsa ido ƙwarai, ya fitar da ƙahonta da gadon bayanta daidai, har ga shi muna iya gane irinta bayan an daina kiwonta a wurin.

Akwai mai zane na zamaninmu wanda ya bi sawun magabata irin haka, shi ne Demas Nwoko. Yana cikin ɗaliban Kwalejin Zariya da suka kafa ƙungiya a 1958, suka ce za su riƙi kayan aikin Turawa, amma abin da za su zana daga ƙasarsu zai fito. Ya yi nazarin kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. A shekarun 1960 ya gina wurin gasa yumɓu a Ibadan, ya yi ta gwajin ƙasa da wuta har aikinsa ya ɗauko kamannin na Nok. Duk da haka mutanen zamaninsa ya siffanta.

Saboda haka, malamai, kafin ku ba yaro hoton littafi ya kwafa, ku kai shi karar Wudil ran Juma'a, ya dubi yadda sa ke tsayawa da yadda yake kwanciya. In da hali ku zarce da shi Birnin Kudu, hanya ɗaya ce. Sai dai ku ja masa kunne kada ya taɓa zanen ko ya rubuta sunansa a dutsen, gama in ya goge ba mai mayar da shi. Gani ya kori ji.