Baƙaƙe masu ƙugiya a kan na'urori masu wuyar rubutu: bincike da kalmar sirri

Ƙa'idar rubutun Hausa da hukumar Nijar ta tabbatar a 1999 tana da baƙaƙe huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Su ne ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Malamin yaƙi da jahilci yakan ɗauki makwanni yana koyar da su, amma ranar da ɗalibinsa ya riƙi ƙaramar salula ko rimot na talabijin, sai ya tarar babu ko ɗaya a ciki.

A salula mai maɓalli 12, sai an danna 5 sau biyu kafin k ta fito, an danna 7 sau huɗu kafin s. Ƙ kuwa ba ta da mazauni. Ko inda ta samu, shigarta cikin saƙon SMS takan rage tsawonsa daga haruffa 160 zuwa 70. Don haka mai rubutu yakan bar ƙugiyar, ko ya sa k'. Sakamakon wannan iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, bincike. A tsarin Unicode, é ta Faransanci tana rabuwa zuwa e da alamarta, shi ya sa manhaja ke iya jefar da alamar ta gano kalmar. Ƙ ba ta rabuwa haka: harafi ne mai zaman kansa, lambarsa dabam da ta k. Wanda ya rubuta kasa a ƙamus na na'ura yana iya rasa ƙasa, sai in an tanadi jadawalin da ke haɗa su. Ya kamata jadawalin ya daidaita ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ya kuma haɗa ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya, don mai neman ƴaƴa ya sami 'ya'ya. Sassaucin ya tsaya ga abin da aka shigar. Amsar ta fito da cikakkiyar ƙugiyarta, domin ta haka mai karatu ke ganin daidai.

Na biyu, kalmar sirri. Nan babu sassauci, na'ura tana gwada harafi da harafi. Wanda ya zaɓi ɗanɗano a kwamfuta, in ya zo gaban talabijin ƙofa ta rufe masa. Mafita ita ce a ɗauke rubutun daga na'urar mai wuya: talabijin ta nuna gajeriyar lamba ko alamar QR, mutum ya tabbatar da ita a wayarsa. Ga sabon mai karatu, alkaluma sun fi sauƙi.

Shawararmu ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci: kada a sauke ƙugiya daga ƙa'ida saboda gazawar maɓalli. A nemi masu ƙera manhaja su sa jadawalin, a kuma ƙara darasi guda kan zaɓen kalmar sirri marar ƙugiya.