Abincin Da Ke Ɗinke Jikin Mutum

Sau da yawa malaman makaranta a ƙasar Batsari da Safana sukan ga yaro da miki wanda ya ƙi warkewa, ko kuwa dasashinsa yana zub da jini, musamman da bazara. Galibi akan ɗora laifin a kan ƙazanta, amma wani lokaci tushen abin yana cikin tukunya.

Likitoci sun gano akwai wani abu mai kama da danƙo a jikin ɗan Adam, ana kiransa kolajin. Shi ne ke riƙe fata da ƙashi da jijiyoyi da dasashi, shi ne kuma ke ɗinke rauni. Jiki da kansa yake ƙera shi daga abinci mai gina jiki, watau wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama. Amma ƙirar ba ta yin ƙarfi sai da bitamin C. Akuya da saniya suna yin nasu bitamin ɗin a hanta, mutum kuwa sai ya ci. In ya yi wata biyu ko uku bai samu ba, sai haƙora su fara girgiɗi, tsohon tabo ya buɗe.

A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna iri iri a kan matuƙa 12 masu wannan cuta. Waɗanda aka ba lemo su ne suka miƙe. Sai a 1932 masana suka tabbatar da abin da ke cikin lemon.

To, mu nan ba sai mun jira lemo ba. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono ya ninka lemo wajen wannan bitamin. Akwai shi kuma a goba, mangwaro, tumatir, tattasai da ɗanyen ganyen zogale. Abin lura shi ne shanya ganye a rana, da doguwar dahuwa, da zuba kanwa a miya, duk suna kashe shi. Saboda haka gidan da ya dogara ga tuwo da miyar busasshen ganye kaɗai har faɗuwar damina yana cikin hatsari.

Ganda da ƙafar saniya da garin kolajin mai tsada da ake talla, ciki narkar da su yake yi kamar sauran nama. Ba sa maye gurbin 'ya'yan itace.

Tun wajen 2019 fitinar 'yan bindiga ta raba mutane da yawa da gonakinsu da itatuwan dajin Rugu. Don haka muna roƙon malamai da ma'aikata su dasa zogale da goba a harabar makarantu da gidaje, su kuma koya wa yara dalili. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.