Rumbu Cike, Yarinya Na Talla

In aka tambaye ki gidan da ya fi arziki a ƙauyenku, na san rumbuna za ki ƙirga, da shanun huɗa. To, masana sun daɗe da gane wannan awo bai cika mudu ba.

A 1990 wani masani ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, ya fito wa Majalisar Ɗinkin Duniya da sabon ma'auni: ban da kuɗi, a duba ilmin jama'a da shekarun da galibinsu ke kaiwa a duniya. Nan gida kuwa, a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tambayoyin da ke kika fi maigida sanin amsarsu. Da me ake girki? Ina ake ɗebo ruwa? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti? Akwai yaron da ba ya zuwa makaranta? Da aka auna da kuɗi kaɗai a 2019, kashi 40 cikin 100 ne matalauta. Da wannan awo sai suka kai kashi 63, watau mutum miliyan 133.

Dubi ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda gona ta haɗe da gona, ba a barin saura, sai taki. Gonar gado kullum ƙara tsukewa take yi, saboda haka sana'arki ta cikin gida, ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinkin hula, ba abin rainawa ba ce. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi kusa da Kano wajen 1971, ta nuna cewa cinikin matan kulle kasuwa ce babba da ido ba ya gani.

Amma wa ke fitar da kayan? 'Yarki mana. Ribar tana shiga adashi, adashi ya zama kayan ɗaki, kuma ban ga laifin uwar da ke gudun gorin dangin miji ba. Sai dai a sabon awon nan, gidan da yarinyarsa ke yawo da faranti a ka lokacin da tsararrakinta ke aji, an rubuta masa rashi, ko da rumbunsa na taɓa sama.

Ke kuma 'yar makaranta mai karanta wa Inna wannan shafi, tambaye ta ko tallar ƙanwarki za ta iya jira sai an taso da azahar.